Siffar Kan Jariri da Lafiyar Ƙwaƙwalwarsa

Ƙoƙon kan jariri ƙasusuwa ne da yawa da ba su gama haɗewa ba, shi ya sa muke ganin maɗiga tana motsi. Ƙwaƙwalwa ce ke tura su yayin da take girma, don haka siffar kai takan nuna mana halin da take ciki. Kewayen kai a ranar haihuwa wajen santimita 35 ne, maɗiga kuma takan rufe kafin shekara 2.

Idan kai yana girma da sauri, maɗiga ta kumbura, idanu suna kallon ƙasa, yaro yana yawan amai, mai yiwuwa ruwa ne ya taru yana danne ƙwaƙwalwa. Wasu da shi ake haifarsu. Amma Dakta Benjamin Warf, wanda ya yi aiki a Mbale ta ƙasar Uganda, ya nuna a 2005 cewa fiye da rabin yaran da ya yi wa aiki, ciwo irin su sanƙarau ne ya jawo musu bayan haihuwa. Likita yakan sa siririn bututu ya janye ruwan, kuma wanda aka kai da wuri ya fi samun sauƙi.

Ƙaramin kai kuwa alama ce ƙwaƙwalwa ba ta girma sosai ba. Cutar rubela da shan giya ko burkutu lokacin ciki suna kawo shi, haka ma cutar Zika da ta addabi Brazil a 2015.

Akwai kuma ƙullutu mai taushi a ƙeya ko tsakanin idanu. Ƙashi ne bai rufe ba tun farkon ciki, wani lokaci har da ɓangaren ƙwaƙwalwa a ciki. Kada mu bari wanzami ya tsaga shi. Shan ƙwayar folik asid tun kafin ɗaukar ciki yana rage wannan haɗari.

Kan da ya yi tsini saboda naƙuda yakan daidaita cikin 'yan kwanaki, ba sai an matsa shi ba.

'Yan'uwa, wannan ba aikin maita ba ne, kada mu ɓoye yaro a ɗaki don kunya. Duk ranar rigakafi, mu roƙi ma'aikacin lafiya ya auna kan jariri, ya rubuta a kati. Idan awon ya kauce, mu taimaki iyayen da kuɗin mota zuwa babban asibiti.