Agola Da Takardar Zama Ɗan Ƙasar Amurka

'Yan'uwa, yau za mu duba wata magana da ta shafi iyalanmu mazauna Amurka, ta kuma shafi mu da muke gida muna riƙe musu 'ya'ya. Ga yadda take. Mutum ya daɗe a can, ya yi rantsuwa, ya zama ɗan ƙasa. A gidansa kuwa akwai agola, watau ɗan da matarsa ta zo da shi daga aurenta na fari. Shi yake ciyar da yaron, shi yake kai shi makaranta, yaron ma Baba yake ce masa. To, ran da maigidan nan ya zama ɗan ƙasa, yaron ya zama tare da shi? A'a, bai zama ba. Iyalai da yawa ba su san haka ba sai bayan lokaci ya ƙure.

Abin da yake ruɗa mutane shi ne, dokar Amurka tana da ma'ana biyu ga kalmar nan ɗa. Wajen neman izinin shiga ƙasa, ta yarda agola ɗa ne, muddin an ɗaura auren uwarsa kafin ya cika shekara 18. Saboda haka mijin uwa yana iya cika takardar I-130 ya nema masa katin zama na dindindin, wanda ake kira girin kad. In mijin ɗan ƙasa ne, kowane yaro da tasa takardar dabam, ba ya shiga a kan ta uwarsa. Amma sa'ad da aka zo maganar samun zama ɗan ƙasa ta wurin iyaye, sai dokar ta ƙuntata ma'anar. A nan ɗan cikinka take nufi, ko wanda ka ɗauka ta hanyar kotu. Agola ba ya ciki. A 2009 hukumar da take sauraron ɗaukaka ƙara a kan shige da fice ta tabbatar da wannan, a shari'ar wani da ake neman korarsa daga ƙasar, ya ce shi ɗan ƙasa ne ta wurin mijin uwarsa. Aka ce masa wannan dangantaka ba ta isa ba, gama mijin uwar bai taɓa ɗaukarsa a kotu ba. Haka yake kuma ga matar uba. Ko ita ta goya yaron tun yana jinjiri, takardarta ba ta ratsa zuwa gare shi.

To, ta ina ke nan? Hanya ta fari, wadda ita ce mafi sauƙi, ta wurin mahaifiyar ce da kanta. Akwai dokar da Shugaba Clinton ya sa wa hannu a 2000, ta fara aiki ran 27 ga Fabrairu, 2001. Ta ce yaron da aka haifa a wata ƙasa yakan zama ɗan ƙasa ba tare da ya roƙa ba, in abubuwa huɗu suka haɗu a lokaci ɗaya. Ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne, ko ta haihuwa ko ta rantsuwa. Yaron bai cika shekara 18 ba, bai kuma yi aure ba. Yana da girin kad. Yana zaune cikin Amurka a hannun wannan mahaifi ko mahaifiya, a bisa doka da kuma a zahiri. Ba a damu da wanne ya riga wani ba. Ran da na ƙarshe ya cika, ran nan ya zama ɗan ƙasa. Ba jarrabawa, ba jiran shekara biyar.

Ku lura da shekara 18 ɗin nan, gama a kanta kome ya rataya. Bari mu yi lissafi. A ce wata gwauruwa ta yi aure ɗanta yana da shekara 13. Kafin takardu su fito su isa Amurka, ya kai 14. Matar da take auren ɗan ƙasa, tana zaune tare da shi, tana iya neman rantsuwa bayan shekara 3 da samun girin kad, in mijin ma ya yi shekara 3 yana ɗan ƙasa. Sauran mutane sai sun yi 5. An yarda ta aika da takardar N-400 kwana 90 kafin cikar lokacin. Ashe yaron yana bakin 17 ke nan sa'ad da za ta aika. Sa'an nan ga jiran watanni, ga ganawa da jami'i, ga jarrabawar Turanci da ta tarihin ƙasar da tsarin mulkinta. Masu nema daga Oktoba 2025 ana yi musu tambaya har 20 daga cikin 128, sai sun ci 12. In ta faɗi, ana ba ta zarafi na biyu, amma wasu makonni sun tafi. Abin da doka take dubawa kuwa ranar rantsuwa ce, ba ranar aika takarda ba. In uwa ta ɗaga hannu ta rantse kwana ɗaya bayan ɗanta ya cika 18, ƙofar nan ta rufe masa.

Shi ya sa ba ma jin daɗi in muka ji mace tana cewa, ai maigida yana da takarda, me zan yi gaggawa? Wata tsoron jarrabawa take yi, wata kuɗin takardar ne ya yi mata yawa a shekarar nan. Duk mun gane. Amma jinkirinta ba ita kaɗai ya shafa ba. Maigida mai hankali shi zai zauna da ita da dare suna bitar tambayoyin.

Sharaɗin zama tare shi ma yana kama mu ta inda ba mu zata ba. Al'adarmu ce a bar yaro wurin kaka, ko a komo da shi gida makarantar kwana a Jos ko Kaduna don ya sami tarbiyya, ya kuma ji Hausa. Abu ne mai kyau. Sai dai yaron da yake zaune a Nijeriya ran da uwarsa ta yi rantsuwa bai cika sharaɗin ba. Tilas ya shiga Amurka da girin kad, ya zauna wurinta kafin 18. Shiga ɗin ma ya yi wuya yanzu, gama a Disamba 2025 gwamnatin Amurka ta sa Nijeriya da Nijar cikin ƙasashen da ta tsananta wa ba da biza. Saboda haka wanda ɗansa yake can da katinsa, ya yi tunani sosai kafin ya sa shi a jirgi. A fara gama maganar takarda tukuna.

Akwai kuma batun a hannun wa yaron yake bisa doka. In mahaifinsa ya rasu, a ajiye takardar shaidar mutuwa. In rabuwa aka yi, a nemo hukuncin kotu wanda ya ba uwar riƙon yaro. Inda kuwa ba wata kotun da ta taɓa yanke magana, hukumar shige da fice, USCIS, takan duba ko yaron yana hannun uwar a zahiri, ba mai jayayya. In mahaifi ne ya yi rantsuwa, yaron kuwa ba a cikin aure aka haife shi ba, sai ya nuna doka ta amince ɗansa ne.

Hanya ta biyu ita ce mijin uwa ya ɗauki yaron ta kotu. A nan sai mu bambanta riƙo irin namu da wannan. A gida, in ka riƙe ɗan ɗan'uwanka ko agola, kowa ya san naka ne, ba mai tambayarka takarda. Dokar can ba ta san wannan ba. Tana so alƙali ya yanke, ya sa hannu, kafin yaron ya cika shekara 16. Tana so kuma ya zama yaron ya yi shekara 2 a hannun mai ɗaukar bisa doka, suna zaune gida ɗaya. Kotun jihar da suke ciki ita take yin wannan, yawanci kuwa sai mahaifin yaron ya sa hannu ya yarda, ko kotu ta yanke hakkinsa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Dangin uba suna da ta cewa, ko da uban ya rasu, yaron kansa ma in ya yi wayo yana da ta cewa. Ba mu ga amfanin a raba yaro da gidan ubansa a ɓoye saboda fasfo ba. In uwa za ta iya yin rantsuwa cikin lokaci, ba a bukatar wannan hanya. Inda take da amfani shi ne in an ga lissafin uwar ba zai kai ba.

In yaro ya zama ɗan ƙasa, ba wanda zai aiko muku da wasiƙa ya sanar. Ku ne za ku nemi shaida. Ana iya neman fasfon Amurka kai tsaye, shi ya fi araha, ya fi sauri. In yaron bai kai 16 ba, ana son yardar iyaye biyu, ko shaidar cewa ɗaya ne kaɗai yake da iko a kansa. Ana iya kuma cika N-600 a karɓi takardar shaidar zama ɗan ƙasa. A farashin da aka sa a Afrilu 2024, kuɗinta dala 1,385 ne in an aika da hannu. Da tsada, amma ba ta ƙarewa kamar fasfo, tana kuma sa a gyara bayanin yaron a littafin hukumar. Shawararmu a yi duka biyu, fasfo da fari. Ba a kuma sa wa N-600 wa'adi ba. Mutum mai shekara 30 wanda sharuɗan suka cika masa yana 16, ɗan ƙasa ne tun ran nan, yana iya neman shaidarsa yau.

Takardun gida su ne sukan jawo jinkiri. A nemi takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da takardar auren uwar, da ta rabuwa ko ta mutuwa. Wadda aka rubuta da Hausa ko Faransanci sai an fassara ta zuwa Turanci, mai fassara ya sa hannu. Inda takardar haihuwa ba ta samuwa, katin baftisma da littafin ikkilisiya suna cikin shaidun da akan karɓa a madadinta, saboda haka magatakardan ikkilisiyoyi su adana littattafan nan da kyau. A duba suna da ranar haihuwa su zama ɗaya a ko'ina. Sau da yawa an rubuta yaro a makaranta da sunan mijin uwa, fasfonsa kuwa da sunan ubansa. Kada kuma kowa ya rage wa yaro shekaru a takarda. In aka gane, ƙaryar tana iya cin takardar uwar ma.

Wanda ya riga ya wuce 18 fa? Bai rasa kome na zamansa ba, girin kad ɗinsa yana nan. Zai cika N-400 da kansa bayan shekara 5 da samun katin, ya yi jarrabawa kamar kowa. Amma a faɗa masa gaskiya a fili cewa shi ba ɗan ƙasa ba ne tukuna. Yaron da ya girma can, yana Turanci kamar abokansa, yana iya ɗauka shi ma Ba'amurke ne, ya sa alama a takardar neman aiki, ko ya yi rajistar zaɓe a ofishin lasin tuƙi. Doka tana ɗaukar wannan da nauyi ƙwarai, yana iya hana shi rantsuwa, har ya kai ga kora. Wasu laifuffuka ma da ɗan ƙasa zai biya tara ko ya yi ɗan zaman kurkuku ya koma gida, mai girin kad suna iya sa a mai da shi ƙasar da ya baro yana ƙarami. In akwai irin wannan a baya, a ga lauyan shige da fice kafin a aika da kowace takarda.

Kakanni kuma sukan tambaya ko yaron ya bar zama namu ke nan. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 28, bai ƙwace wa wanda yake ɗan Nijeriya ta haihuwa matsayinsa ba don ya sami na wata ƙasa. Yana iya riƙe fasfo biyu, ya fita Amurka da nasu, ya sauka Abuja ko Kano da namu.