Abin da Ke Cikin Faifan DVD da Yadda Ake Saita Manhajar Tace Fim Domin Karɓarsa

Faifan DVD, wanda kamfanonin Sony da Philips da Toshiba da Panasonic suka daidaita a kan tsarinsa a shekarar 1995, aka kuma fara sayar da shi a Japan a ƙarshen 1996, an ƙera shi ne domin a saka a na'ura a zauna a kalla, kuma waɗanda suka tsara shi ba su yi tanadin ranar da wani zai so ya sake yanka abin da ke cikinsa ba. Daga nan ne wahalar masu tace fim take farawa idan aka kawo musu tsohon faifai, na fim ɗin Hausa ne ko na bikin aure ko na karatun wani malami, aka ce su ciro hoton su gyara domin a ɗora a YouTube ko a tura a waya. Fuskokin da suka tsuke suka yi tsawo, da layukan da ke tsattsage gefen duk abin da ya motsa, da maganar da ke riga baki ko take bin bayansa, duk akan ɗora alhakinsu a kan tsufan faifai, alhali mafi yawansu a teburin mai tacewa ake haifar da su, saboda saitin da bai dace da abin da aka ɗauko ba.

Wanda ya buɗe faifan a kwamfuta zai tarar da folda mai suna VIDEO_TS, sau da yawa tare da wata mai suna AUDIO_TS wadda babu komai a cikinta, domin an tanade ta ne ga wani nau'in faifan kiɗa da bai samu karɓuwa ba. A cikin VIDEO_TS akwai fayiloli iri uku. Masu ƙarewa da VOB su ne ke ɗauke da hoto da sauti da rubutun fassara a cakuɗe wuri guda. Masu ƙarewa da IFO ƙanana ne, amma su ne ke gaya wa na'ura inda kowane babi ya fara, da harshen kowane sauti, da siffar da za a nuna hoton. Masu ƙarewa da BUP kuwa kwafin IFO ne da aka ajiye saboda ko faifan zai karce a daidai wurin. Fayil mai suna VTS_01_0.VOB na shafin zaɓi ne, fim ɗin kansa yana farawa daga VTS_01_1.VOB.

Ƙa'idar DVD ba ta yarda fayil ɗin VOB ya wuce gigabait 1 ba, saboda haka fim mai tsawo akan same shi a gutsure uku ko huɗu, kuma yankan yana faɗawa ne duk inda ma'aunin ya cika, ko da a tsakiyar kalma ne. Na'urar kunna faifai tana karanta gutsuren a matsayin abu ɗaya saboda IFO yana yi mata jagora, amma mai tacewa da ya jawo su ɗaya bayan ɗaya ya jera a manhaja yakan rasa ɗan hoto ko ɗan sauti a kowace mahaɗa, daga nan sai magana ta fara saɓa wa baki. Maganin shi ne a haɗe gutsuren su koma fayil guda kafin a shiga tacewa, ko dai da manhajar FFmpeg, ko da MakeMKV wanda ke karanta IFO ya fitar da fim ɗin ba tare da ya sake matse shi ba.

Hoton da ke cikin VOB an matse shi ne da tsarin MPEG-2, wanda ba ya ajiye kowane firam, wato kowane hoto guda daga cikin jerin hotunan da ke haifar da motsi, a cikakkiyar siffarsa. Yana ajiye cikakken firam ɗaya, sannan a waɗanda ke biye ya rubuta bambancin da aka samu kawai, har zuwa cikakke na gaba, kuma a faifan da aka yi wa ƙasashenmu wannan rukuni ba ya wuce firam 15. Wannan ne ya sa yanka a tsakiyar rukuni yake tilasta wa manhaja ta sake lissafa hoton ta sake matse shi, kuma kowace sabuwar matsa tana cin wani abu daga ingancin da dama can ba shi da yawa. Masu aikin da suka san ciwon abin sukan fara juya fim ɗin zuwa tsarin da aka yi domin tacewa, irin su ProRes ko DNxHD, inda kowane firam yake tsaye da kansa, duk da cewa fayil ɗin zai kumbura ninki da yawa.

Saiti na farko da ya kamata a duba a sabon aiki shi ne girman hoto da yawan firam a daƙiƙa. DVD iri biyu ne ta wannan fuska: na tsarin PAL mai ɗigo 720 a kwance da layi 576 a tsaye, firam 25 a daƙiƙa, da na tsarin NTSC mai 720 da 480, firam 29.97, wanda Amurka da Japan suke amfani da shi. Talabijin ɗin Nijeriya da Gana a kan PAL ya ginu, Nijar da Chadi kuwa SECAM suka gada daga Faransa, sai dai a kan faifai babu bambanci tsakanin biyun, domin dukkansu layi 576 ne da firam 25. Idan aka ɗora hoto mai firam 25 a kan aikin da aka saita a 30, kamar yadda yawancin wayoyi ke ɗauka, manhaja za ta riƙa maimaita firam ɗaya cikin kowane biyar don cike giɓi, sai tafiyar mutum ta riƙa ɗan tsinkewa.

Batun siffar ɗigo shi ne ya fi rikita mutane, kuma shi ne musabbabin fuskoki masu tsawo. Ɗigon hoton kwamfuta da na waya murabba'i ne, faɗinsa daidai da tsayinsa, amma na DVD ba haka yake ba. Hoton 720 da 576 ɗin nan guda ɗaya shi ake nunawa a tsohuwar siffar talabijin ta 4:3, shi kuma ake nunawa a faffaɗar siffa ta 16:9, bambancin kawai wata alama ce da ke gaya wa na'ura gwargwadon yadda za ta miƙe shi, zuwa faɗin ɗigo 768 a ta farko ko 1024 a ta biyu. Idan manhaja ba ta karanta alamar ba, ko kuma wanda ya buga faifan tun farko ya saka ta ba daidai ba, sai ta ɗauki ɗigon a matsayin murabba'i, mutane su fito a tsuke kamar an matse su a ƙofa. Akasin haka ma yana faruwa, kuma ya fi muni domin da gangan ake yinsa: mai tacewa ya ga baƙin fili a hagu da dama na tsohon hoton 4:3, sai ya ja shi ya cika allo, kowa ya koma gajere mai faɗi. Hanyar ganewa ba ta da wuya, a nemi wani abu da aka san da'ira ne a cikin hoton, tayar babur ko bakin kwano da ke fuskantar kyamara, a gyara saitin fassarar hoto har sai ya koma da'ira.

Sai kuma saƙar layuka. Kyamarorin bidiyo na zamanin kaset, waɗanda da su aka ɗauki finafinan bidiyo na Hausa na farko-farko, ba sa ɗaukar firam a lokaci guda. Suna ɗaukar layukan mara a wani lokaci, layukan cika kuma bayan kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa, sai a saƙa rabi biyun su zama firam ɗaya. Tsohon talabijin yana nuna su bi da bi yadda ido ba zai lura ba, amma allon kwamfuta yana nuna su tare, shi ya sa hannun mai rawa yake fitowa da haƙora kamar na matsefi. Wanda zai ɗora hoton a intanet dole ne ya warware saƙar, kuma HandBrake da FFmpeg suna da matatar Yadif da ke yin wannan. Mafi kyau ma a fitar da firam 50 a daƙiƙa, domin a haka ne motsin yake riƙe santsinsa na asali. Wanda zai mayar da hoton kan DVD kuwa barin saƙar ya fi, sai dai ya tabbatar da wane rabi ne ke fara fitowa, domin kaset ɗin DV da na ƙasa yake farawa, alhali faifai da yawa da na sama suke farawa, kuma idan aka juya su hoton zai riƙa karkarwa a talabijin ko da bai nuna komai a kwamfuta ba.

Sautin DVD ana auna shi sau 48,000 a daƙiƙa, saɓanin 44,100 na faifan waƙa, kuma a kan 48,000 ya kamata a saita aikin. Rubutun fassara kuwa hotuna ne ƙanana, ba haruffan da za a iya gyarawa ba. Ya kamata kuma a bambanta DVD da VCD, wanda ya mamaye kasuwar finafinai ta Ƙofar Wambai a Kano shekaru da dama: fayil ɗinsa DAT ne a folda mai suna MPEGAV, girmansa 352 da 288 kacal, kuma babu saitin da zai mayar da shi abin da bai taɓa zama ba.

Idan aikin zai koma kan faifai, lissafi ne ke yanke hukunci. Faifai mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7, wanda kwamfuta ke nunawa a matsayin 4.38 saboda bambancin ƙidaya, mai shimfiɗa biyu kuma 8.5. Ƙa'ida ta kayyade hoto a megabit 9.8 a daƙiƙa, amma fim na awa biyu a kan ƙaramin faifai ba zai samu fiye da kimanin megabit 5 ba, hoto da sauti a haɗe. Sautin da ba a matse ba yana cin megabit 1.5 daga wannan kaso, shi ya sa ake zaɓar Dolby Digital, wanda ke wadatuwa da kilobit 192 ga sauti mai hanya biyu, ragowar ta tafi ga hoto. Faifan da ake bugawa a kwamfuta kuma rininsa yana lalacewa da zafi da hasken rana, don haka kafin a taɓa komai akan kwafe foldar VIDEO_TS gaba ɗayanta, har da IFO da BUP, a ajiye a wuri biyu, sannan a yi aikin tacewa a kan kwafin.