SHINGAYEN CINIKI TSAKANIN ƘASASHE: ABIN DA YA KAMATA KOWA YA SANI

Babu ƙasar da ke da duk abin da take bukata. Shi ya sa tun zamanin ayari fatake ke kai fata da tufafin Kano ƙasar Gwanja su komo da goro. Amma kuma kowace gwamnati tana da ikon tsara abin da zai shigo mata da abin da zai fita. Dokokin da ke rage wannan shige da fice ko su hana shi, su ake kira shingayen ciniki. Ya kamata kowane ɗan ƙasa ya fahimce su, domin suna taɓa aljihunsa ko da bai taɓa ganin bakin iyaka ba.

Iri-iren shingaye

Na farko shi ne kuɗin fito, watau harajin da ma'aikatan kwastan ke karɓa a kan kayan waje. Alal misali, in ɗan kasuwa ya sayo kaya na naira 100 aka ɗora masa fiton kashi 50 cikin 100, kayan sun zama na naira 150 kafin a yi maganar kuɗin mota da riba. Ƙarin nan a kan mai saye yake ƙarewa.

Na biyu shi ne ƙayyade yawan kayan da za a shigo da su, ko a ce sai mai lasin. Na uku shi ne haramci ɗungum, kamar yadda aka hana shigo da shinkafa da masara a 1985, da alkama a 1987. Na huɗu shi ne hana kuɗin musaya: a watan Yuni na 2015 Babban Bankin Nijeriya ya daina sayar da dala ga masu shigo da kaya iri 41, har da shinkafa, sai a watan Oktoba na 2023 aka janye wannan ƙa'ida. Na biyar shi ne sharaɗin inganci. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Wannan ya nuna cewa mu ma ana gitta mana shinge a ƙasashen waje.

Dalilan kafa su

Gwamnati kan kafa shinge don ta samu kuɗin shiga, ko ta kare manoma da masana'antun gida har su yi ƙarfi, ko ta tattala kuɗin waje, ko ta tare miyagun ƙwayoyi da makamai. Duk dalilai ne masu nauyi. Sai dai kowane shinge yana da farashinsa, kuma wani ne zai biya.

Rufe iyakoki a 2019

A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. Babban dalilin shi ne fasa-ƙwaurin shinkafa. Fiton shinkafa a Jumhuriyar Binin ya yi ƙasa ƙwarai da na Nijeriya, saboda haka jiragen ruwa kan sauke shinkafar Tailan da ta Indiya a Kwatano, sa'an nan 'yan sumoga su sulalo da ita nan, wata ta Seme, wata kuma ta zagayo ta Nijar. Haka kuma ana fitar da man fetur mai rahusa zuwa maƙwabta. A watan Nuwamba na wannan shekara aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka.

Akwai waɗanda suka amfana. Manoman shinkafa na Kabi da Jigawa da Kano sun sami kasuwa, injinan casa suka yawaita, mutane da dama suka saba da shinkafar gida.

Akwai kuma waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu. Bisa lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, hauhawar farashin abinci ta tashi daga kimanin kashi 13 cikin 100 a Agustan 2019 zuwa sama da kashi 19 a Disamban 2020. Annobar korona da faɗuwar darajar naira da rashin tsaro sun taimaka wajen wannan, amma rufe iyaka ma yana da nasa rabo, domin noman gida bai cike gurbin da aka bari nan take ba. Magidanci mai albashi a unguwar Kurmin Sarki ta Suleja, wanda ba ya noma ko kunya ɗaya, ya ga kwanon shinkafa ya ƙara kuɗi a kasuwa alhali albashinsa na nan yadda yake.

Har ila yau, ƙofar da aka rufe wa mai shigowa an rufe ta ga mai fita. Ciniki ya ja baya a Jibiya da Illela da Maigatari, inda dabbobi da wake ke shigowa daga Maraɗi da Ƙwanni da Damagaram, hatsin Dawanau da kayan masana'antunmu kuma ke fita. Manyan motoci suka yi makonni a bakin iyaka, kayan gwari suka ruɓe. A Gana ma 'yan kasuwar ƙasar suka kulle wasu shagunan 'yan Nijeriya. A ranar 16 ga Disamba 2020 aka buɗe iyakokin Seme da Illela da Maigatari da Mfum.

Darasin masaƙun Kaduna

Shekaru da yawa an hana shigo da yadi da atamfa don a kare masaƙunmu. Duk da haka, a cikin shekarun 2000 mafi yawan masaƙun Kakuri a Kaduna suka rufe, dubban ma'aikata suka rasa aiki. Ƙarancin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da tsufan injina sun sa yadin gida ya yi tsada, na sumoga kuwa ya cika kasuwa. Ke nan shinge lokaci yake saya wa masana'anta. In ba a yi amfani da lokacin an gyara wuta da hanya da iri da bashin noma ba, amfaninsa ya tafi wurin ɗan sumoga. In rata ta yi yawa tsakanin farashin nan da na maƙwabta, sai barauniyar hanya ta yawaita, gwamnati kuma ta yi asarar fito.

Alkawuran da ƙasa ta ɗauka

Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka kafa ƙungiyar ECOWAS a Ikko a 1975, wadda ta yarda amfanin gona da kayan da aka ƙera a yankin su ƙetare iyaka ba tare da fito ba. Tun 1995 tana cikin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. A watan Yuli na 2019, a Yamai, ta sa hannu a yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka, wadda aka buɗe ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairu 2021. Siyasa ma kan zama shinge: bayan juyin mulkin Nijar a Yulin 2023 an sake rufe iyakar arewa har zuwa Maris 2024, kuma a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS.

Abin da ake bukata daga jama'a

Ɗan kasuwa ya bi ta ofishin kwastan, ya biya abin da doka ta ce, ya karɓi rasit. Manomi da mai ajiye hatsi su bi shawarar malamin gona wajen sa maganin ƙwari, don kada a dawo mana da kayanmu. Mai casar shinkafa ya tsince tsakuwa, domin kaya mai kyau shi ke sayar da kansa. Duk lokacin da aka ji sanarwar sabon fito ko haramci, a tambayi abu uku: wa zai amfana, wa zai biya, kuma me za a gyara kafin a ɗage shingen.