Kafin a aza harsashi, a tambayi ƙasa

Lokacin da nake firamare a wani ƙauye kusa da Numan, duk rani sai bangon ajinmu ya tsage, har yaro kan zura hannunsa a ciki. Da damina ta sauka kuma sai tsagar ta haɗe. Wasu dattawa suka ɗora wa magini laifi, wasu suka ce wurin yana da iskoki. Sai da na shiga jami'a na gane cewa baƙar lakar da aka yi ginin a kanta ce sila: idan ta sha ruwa ta kumbura, idan ta bushe ta tsuke, gini kuwa yana bin ta sama da ƙasa har ya gaji. Wannan tsaga ce ta ja ni zuwa nazarin halayyar ƙasa, fannin da na yi digirin digirgir a kansa, nake kuma koyarwa a yau.

Fannin bai tsufa ba. A 1925 ne Karl Terzaghi ya wallafa littafin da ya kafa shi. Ya nuna cewa nauyin gini ƙwayoyin ƙasa ne da ruwan da ke tsakaninsu suke ɗauka. Yayin da ruwan ke tsiyayewa, sai yumɓu ya riƙa nutsewa sannu a hankali, shekara da shekaru. Hasumiyar Pisa ta Italiya ta karkace ne saboda laushin ƙasar da ke ƙarƙashinta, kuma masanan wannan fanni ne suka cece ta tsakanin 1990 da 2001, ta hanyar zare ƙasa kaɗan-kaɗan daga ɓangaren da ya fi tudu.

Mu ma a nan an yi bincike mai yawa, musamman a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kan gyara baƙar laka da siminti ko tokar ɓawon shinkafa. Abin takaici, yawancinsa yana kwance a ɗakunan karatu. Mutum zai kashe miliyoyi kan tayil da fenti, amma ya ga kuɗin gwajin ƙasa asara ne. Ɗalibaina ma sun fi son zanen bene a kwamfuta da su ɓata hannu da taɓo.

Ina kira ga hukumomin tsara birane da kada su amince da zanen bene sai da sakamakon gwajin ƙasa, su kuma tabbatar an je filin an haƙa. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Abin da aka rufe a ƙarƙashin harsashi ba ya gyaruwa da arha, wani lokaci ma da rayuka ake biya.