Gidan Kayan Tarihi na Kerma

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma akwai ganin da ba shi da amfani sai an haɗa shi da bayani. Wanda ya tsaya a kufan tsohon birni ba abin da zai gani sai tarin ƙasa da gindin bango. Saboda haka ne a kan gina ɗan ƙaramin gida kusa da kufai, a ajiye abin da aka tono a ciki. Bari mu ɗauki misalin Kerma, mu ga amfaninsa.

Kerma tana cikin ƙasar Sudan, a gabashin kogin Nilu, arewa da Dongola. Ta yi ƙarfi tun wajen shekara 2500 har zuwa wajen 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, sa'ad da Masarawa suka ci ta da yaƙi. Abin da mu ke fara hange in mun doshi kufan shi ne wani babban gini na tubalin ƙasa, tsayinsa wajen ƙafa 60, ana ce da shi Deffufa. Ɗakin ibadarsu ne, gidaje suna kewaye da shi. Mu da muka saba da ginin ƙasa mun san yadda damina ɗaya ke cin katanga; wannan kuwa ya daɗe ne don kaurinsa da ƙarancin ruwan sama a can.

Dab da shi aka buɗe gidan kayan tarihin a 2008. In mun shiga, sai mu tarad da siffofin sarakuna guda 7 na baƙin dutse suna tsaye, cikinsu har da Taharka, wanda ya mallaki Kush da Masar daga 690 zuwa 664 kafin haihuwar Annabi Isa. Waɗannan sarakuna sun zo ne bayan faɗuwar tsohon birnin da ƙarnuka masu yawa. A 2003 aka same su cikin rami ɗaya a Dukki Gel, nan kusa, a farfashe, aka harhaɗa su. Masana suna zaton rundunar Masar ce ta farfasa su, mutanen wurin suka tattara gutsattsarin suka binne.

Sa'an nan mu juya ga tukwane. Jajaye ne masu baƙin baki, marasa kauri ƙwarai, kuma da hannu aka gina su. Wanda ya dube su, in ya koma cikin kufan ba zai sake ganin tarin ƙasa kaɗai ba, zai ga gari mai gwanaye. Haka kuma a maƙabartarsu an sami kawunan shanu jere a gefen kaburburan manya, wani kabarin har dubbai, watau dukiyarsu ta shanu ce.

To, ga abin lura. George Reisner, Ba'amurken da ya yi tono a wurin daga 1913 zuwa 1916, ya ce Masarawa ne suka kafa Kerma. Wannan magana ta shiga littattafai, aka yi ta koyar da ita. Sai Charles Bonnet, mutumin Suwizalan, ya kama aiki a 1977, ya yi shekaru yana tono, ya nuna cewa birnin na mutanen ƙasar ne, da sarautarsu da ganuwarsu. Ba da gardama aka gyara kuskuren ba, da abin da ƙasa ta ɓoye aka gyara shi.

Irin wannan shaida kuwa tana iya salwanta. Cikin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 an washe babban gidan kayan tarihi na Hartum. Abin da aka sace aka sayar ba tare da an san ramin da ya fito ba, ya zama kayan ado kawai, ba ya iya ba da shaida.

Mu da za mu fita mu karantar da yara, ya kamata in yaro ya kawo mana katangar tsohuwar tukunya daga gona, mu tambaye shi inda ya tsinta, mu rubuta, kafin mu yaba kyanta.