Sa'ad da Abokin Wasa Ya Ce 4NT

Masu karatu da yawa, da sun ji an ce karta sai su tuna da caca, ba mu kuwa ga laifinsu ba. Amma akwai wani wasan karta da a ke kira birij, wanda mu malamai huɗu mu kan yi a Tudun Wada lokacin dogon hutu, ba a aza ko kwabo. Biyu-biyu a ke yi, kowa yana fuskantar abokinsa. A raba kati 52, kowa ya sami 13, a yi zagaye 13. Kafin a jefa kati ko ɗaya sai a yi ciniki: kowane gefe ya faɗi yawan zagayen da zai ci, da irin katin da zai yi mulki, ♣, ♦, ♥ ko ♠, ko kuwa NT, watau babu mai mulki. A kan ƙara shida bisa lambar da aka kira, don haka wanda ya ce 6♥ ya yi alkawarin cin 12 ke nan. Wani attajirin Amurka, Harold Vanderbilt, shi ya tsara lissafin wasan cikin 1925.

Alkawarin cin 12 shi ne ƙaramin silam, na 13 kuwa babba. Ladan ƙaramin maki 500 ne ko 750, na babban 1000 ko 1500. Amma in abokan hamayya suna riƙe da kati biyu masu alamar A, waɗanda su ne manya a kowane iri, suna iya cin zagaye biyu tun daga fari, silam ya rushe. Ga shi kuwa doka ta hana ka tambayi abokinka da baki, balle ƙifta ido.

Cikin 1933 Easley Blackwood, mutumin Indiyanafolis, ya fito da dabara. In ka kira 4NT, tambaya ce: A nawa ke hannunka? Abokinka ya amsa 5♣ in ba shi da ko ɗaya ko yana da huɗun duka, 5♦ in ɗaya ne, 5♥ biyu, 5♠ uku. Daga baya gwanaye suka haɗa da sarkin irin da ke mulki, manyan kati suka zama biyar. A nan hanya ta rabu. Waɗansu sun ce 5♣ sifiri ne ko uku, 5♦ ɗaya ko huɗu. Waɗansu suka juya shi, shi ne tsarin da a ke kira 1430.

To, ga abin da ya same mu. Wata Asabar da damina abokinmu na Doguwa bai sami zuwa ba, sai wani malami baƙo daga Kiru, wanda ya koyi wasan a Zariya, ya zauna a madadinsa. Muka gaisa, muka sha shayi, ba wanda ya tambayi wani tsarinsa. Can aka raba mana hannu mai kyau, muka daidaita a kan ♥. Muna da A biyu, muka kira 4NT. Ya ce 5♦. Muka lissafta: ɗaya nasa, biyu namu, saura ɗaya a waje, sai muka ce 6♥. Ashe malamin 1430 ya sani, yana gaya mana ba shi da kome. Abokan hamayya suka ajiye A ɗinsu biyu, ɗaya bayan ɗaya, suna murmushi.

“Malam, ai na faɗa maka sarai,” in ji shi. Muka ce mu ma sarai muka ji. Aka tashi ba daɗi, har ya hau babur bai tsaya cin tuwo ba. Kada mai karatu ya ɗauka ƙaramin abu ne: a birnin Kansas na Amurka, cikin 1929, Myrtle Bennett ta harbe mijinta bayan gardama a kan hannun 4♠ da ya faɗi, kotu kuma ta sake ta cikin 1931.

Da muka huce muka ga laifin ya fi yawa a wuyanmu, gama mu ne muka yi tambaya ba mu san da wane harshe za a amsa ba. A ganinmu, in ba a yi yarjejeniya ba, a ɗauki ma'ana mafi tsufa, mafi sauƙi, watau ta Blackwood. Amma ko wannan ba kullum ba ne. In abokinka ya buɗe da 1NT ka ce 4NT, yawancin masu wasa ba tambayar A su ke ji ba, gayyata ce: in hannunka ya cika, je ka 6NT, in ba haka ba ka tsaya. Mai son tambayar A a wannan wuri 4♣ ya ke kira, dabarar da ke ɗauke da sunan John Gerber. Kiran da ka san yana da fuska biyu, gara ka bar shi ka koma ƙirga: A maki 4, sarki 3, sarauniya 2, J 1, jimla 40. In kun kai wajen 33 ku biyu, ƙaramin silam ya yi kusa.

Wani zai ce, me zai hana ku shirya 'yar alama tsakaninku? Haram ne a dokar wasan. Duk ma'anar da kuka ba wani kira, dole abokan hamayya su san ta, suna kuma da ikon tambaya. Cikin 1975, a gasar duniya ta Bamuda, aka zargi 'yan Italiya biyu da taɓa ƙafa a ƙarƙashin tebur, har aka gitta katako a tsakani.

Bayan mako biyu muka aika wa malamin Kiru saƙon ban haƙuri, ya dawo. Kafin a raba kati ya zaro takarda daga aljihu ya rubuta layi uku: ma'anar 4NT, amsoshinta, da lokacin da 4♣ ke zama tambaya. Muka yi gardama a kan layi na biyu har shayi ya huce, aka tsaya a kan 1430. Takardar tana cikin kwalin kartar, kuma ita mu ke fara miƙa wa duk baƙon da ya zauna.