Auna Ɓarna Kafin Sa Hannu

Tun kafin yarjejeniyar cinikin da ake kira NAFTA ta fara aiki tsakanin Amurka da Kanada da Meksiko ran 1 ga Janairu 1994, alhali wakilan ƙasashen uku suna tsakiyar muhawara a kan kuɗin fito, masu kishin muhalli suka ɗaga murya, suna cewa muddin aka buɗe iyaka, masana'antun Amurka za su kwashe injinansu su ƙetare zuwa Meksiko, inda ba a tsananta dokar hayaƙi da dagwalon ruwa ba, su bar wa talakawan bakin iyaka cuta. Wannan fargaba ta tayar da mas'ala mai wuya, wato ta yaya za a ƙiyasta ɓarnar da takarda za ta yi wa iska da ruwa da daji tun tawadarta ba ta bushe ba.

A 1991 malamai biyu na Jami'ar Princeton, Gene Grossman da Alan Krueger, suka yi wa mas'alar sharhi, suka ce ciniki yana taɓa muhalli ta fuska uku: yawan abin da ake ƙerawa yakan ƙaru, irin sana'o'in da ƙasa ta dogara a kansu yakan sauya, dabarun aiki kuma sukan inganta idan sababbin injina suka shigo. Ta farko ɓarna takan kawo, ta ƙarshe gyara, ta tsakiya kuwa sai yadda hali ya yi. Bisa irin wannan ma'auni ake tafiya har yau, kuma lalle ma'auni ne mai amfani.

Amma fa, a ganina, inda aka zuba ido ba nan ɓarawo ya shigo ba. Masana'antu ba su yi hijirar da aka ji tsoro ba, domin kuɗin kiyaye dokar muhalli kaɗan ne in an gwada shi da ladan ma'aikata da sauran ɗawainiya. Fitina ta ɓullo ne daga babi na 11 na yarjejeniyar, wanda ya ba kamfanin wata ƙasa damar kai ƙarar gwamnatin da ya zuba jari a ƙasarta gaban kwamitin masu hukunci na musamman. Kanada ta hana shigo da wani sinadari mai suna MMT da ake zubawa a man fetur a 1997, kamfanin Ethyl na Amurka ya yi ƙara, shekara na zagayowa ta janye dokar, ta biya dala miliyan 13. Haka kuma, da hukumar garin Guadalcázar a Meksiko ta ƙi ba kamfanin Metalclad izinin buɗe juji na shara mai guba, aka yanke hukunci a shekarar 2000 cewa Meksiko ta biya diyya fiye da dala miliyan 16. Ashe wanda zai auna illar yarjejeniya, bai wadatar ya san ilmin hayaƙi ba, sai ya iya karatun sharuɗɗa kamar yadda alƙali yake bin takardar gado layi layi.

Daga baya gwamnatoci suka mai da binciken illar yarjejeniyar ciniki ga muhalli ƙa'ida. Tarayyar Turai ta soma nata a 1999, Shugaba Clinton na Amurka ya ba da umurni makamancinsa a Nuwamban wannan shekara, Kanada ta shimfiɗa nata tsari a 2001. Fuƙaha'unmu dama sun daɗe da tabbatar da cewa tunkuɗe mafsada yana gaba da jawo maslaha, kuma “gaba” ɗin nan har da lokaci, domin binciken da ya iso bayan an rufe magana ba ya canza ko wasali ɗaya. Alal misali, Tarayyar Turai ta daidaita da ƙasashen Mercosur, wato Brazil da Ajantina da Paraguwai da Uruguwai, a Yunin 2019, har ta yarda a shigo mata da tan 99,000 na naman shanu a kan rangwamen haraji, ko da yake kiwon shanu shi ne babban sanadin sare dajin Amazon, kuma a lokacin ba a kammala rahoton binciken illar ba tukuna. A Maris 2021 mai sauraron koke-koken jama'a ta Tarayyar, Emily O'Reilly, ta yanke cewa wannan sakaci ne a aikin hukuma.